Damin Geron da Uwaisu Ya Mayar Mini

Kamaruddeen, sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, ya bugo mini waya wai bana shekara arba'in ke nan da muka gama sakandare, za a yi taro a buga ɗan littafi, kowa ya rubuta tarihin wani ɗan ajinsu. Ni an ba ni Uwaisu, wai don garinmu ɗaya. Na ce, "Kamaruddeen, cikin mutum sittin da ɗoriya ka rasa wanda za ka haɗa ni da shi sai Uwaisu?" Ya ce ai ni na fi kowa saninsa. To, wannan gaskiya ne. Amma tun a wayar na gaya masa, ni Iliyasu ban iya daɗin baki ba. Abin da na sani shi zan rubuta, in kun ga dama ku buga, in ba ku ga dama ba ku hura wuta da shi.

An haifi Uwaisu a Tudun Maje, ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta. Darni ɗaya ya raba gidansu da namu. Mahaifinsa Malam Sani manomi ne mai haƙuri, mahaifiyarsa Inna Hure kuwa ita ta yanke mini cibiya. Rana ɗaya aka kai mu makarantar kwana, mota ɗaya, da akwatunanmu na ƙarfe iri ɗaya.

Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ban hana shi ba. Abin da zan kwana uku ina fama da shi, shi sau ɗaya zai duba allo ya ɗauke. Amma kun tuna gonar makaranta, da aka ba kowa kunya huɗu ya nome? Uwaisu bai taɓa kai ƙarshen kunya ɗaya ba, sai ya dafe ƙugu ya ce bayansa. Ni nake nome masa, shi kuma ya yi mini lissafi. Ranar ba da kyaututtuka aka kira wanda ya zo na ɗaya a darasin noma, sai ga Uwaisu ya miƙe yana gyara kwalar riga. Kuna tafi, ni ina duban kantar da ke tafin hannuna. Da ya sauko ko kallon inda nake bai yi ba. Tun ranar ya kamata in yi hankali, amma ni jaki ne, ban yi ba.

Jarrabawa ta fito, ni ta watsa mini ƙasa a ido, na dawo gida na ɗauki fartanya. Shi ya wuce jami'a. Da ya gama ya sami aiki a wani kamfanin sayar da takin zamani a Kano. Kun ji fa, taki! Mutumin da in an wuce da jakin taki sai ya toshe hanci. A can ya yi ta hawa, daga akawu zuwa mai kula da sito, daga nan har manaja. Ya auri Hajiya Ramlat, 'yar birni, suka haifi Jamil da Tahira.

Shekara biyar da gama makarantarmu Malam Sani ya rasu, gonar tudu ta faɗo a rabon Uwaisu. A gaban dattawa biyu ya ba ni aronta.

Kai Kamaruddeen ɗan birni ne, bari in gaya maka yadda abin yake. A wajenmu babu daji. Ka fita daga gonar wani ka faɗa ta wani, tushen gamba ne kawai a tsakani, haka har ka shiga Kano. Taku ɗaya na ƙasa yana raba zumunci. Shi ya sa aron gona yake da ka'ida guda biyu. Wanda aka ara wa ba ya dasa bishiya, don bishiya mai gona ke dasawa. Sannan duk kaka zai ɗaura damin gero ɗaya ya kai wa mai gona har gida. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa wani? Shaida ce. Mai kai dami yana cewa gonar nan ba tawa ba ce, mai karɓa yana cewa ban manta da ita ba. In mai gona ya ƙi karɓa, shekaru suka tura, jama'a sai su ɗauka ya bar ta ke nan.

Gonar da aka ba ni kuwa, wallahi da ka gan ta sai ka tausaya mini. Rairayi ne fari fat, wuta-wuta ta cinye ta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero tun daga saiwa. Tsohuwar ɗorawa ɗaya ce a tsakiya, ita ma rabi ta bushe. Shekarar farko dami bakwai na samu. Na sayi jaki. Duk rani ni ne kan hanyar kasuwar dabbobi ta Ɗambatta da mangala, ina kwaso kashin shanu da na awaki. Tokar murhun gidanmu ba a zubar da ita, gona take zuwa. Na roƙi Fulani su kwantar da shanunsu a ciki bayan girbi. Wuta-wuta kuwa da hannu nake tuge ta ɗaya bayan ɗaya kafin ta yi fure, in tara in ƙone. Jaki uku suka mutu a kan gonar nan. Ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, har ta kai ina ɗaure dami sittin ban da wake.

Shekara huɗu ina ɗora dami a saman bas ina kai wa Uwaisu Kano. Yana karɓa da yatsa biyu, amma yana karɓa. A ta biyar aka ba shi manaja, aka ba shi gidan kamfani mai get da maigadi, kakar kuma ta zo daidai da sunan Jamil. Na zaɓi zangarniyar da ta fi kowacce ƙoshi, na ɗaure da sabuwar igiya, na sa rigata ta Juma'a. Na iske shi a ƙofar gida cikin manyan baƙi, ana ta shan lemo. Ga kuma mutanen garinmu uku da suka zo suna, a zaune kan tabarma can gefe. Na sauke dami a gabansa na yi masa barka.

Ya dubi damin, ya dubi abokan aikinsa, ya yi dariya. Ya ce, "Haba Iliyasu, har yanzu kuna wannan abu? Ni me zan yi da gona? Don Allah ka daina wahalar da kanka. Koma da abinka, ko ka ba maigadi ya zuba wa kaji."

Kaji! Geron da na tsince wa wuta-wuta da farcena. Na durƙusa na ɗora damin a kaina, da rigar Juma'ar, na taka har tasha. Hajiya Ramlat ce, Allah ya jiƙanta, ta aiko a bi ni da abinci a kwano, na ce a mayar mata na gode. Kafin in iso gida labari ya riga ni: Uwaisu ya mayar da dami, Uwaisu ya bar wa Iliyasu gona.

Amma ban kai damin nan rumbuna ba. Gidan Inna Hure na wuce da shi. Ta dube ni ta dubi dami, ta gane komai. Ta ce, "Ajiye nan, Iliya. Na karɓa a madadinsa." Haka muka yi ta yi duk kaka, shekara goma sha bakwai. Mutane sun ɗauka zakka nake kai wa tsohuwa. Daga ni sai ita muka san mene ne.

Shi kuwa yana can. Yana aiko mata da shinkafa da atamfa, wannan ma ban hana shi ba, amma ƙafarsa sai ta yi shekara uku ba ta taka Tudun Maje ba. 'Ya'yansa sau uku na taɓa ganinsu. Jamil, yana saurayinsa fa, ya tsaya bakin gona ya nuna gero ya tambayi ubansa yaushe masarar nan za ta nuna. Uban bai ko ji kunya ba. Da Inna Hure ta rasu ya zo da ruwansa na roba a mota, ya zauna zaman makoki na wuni ɗaya, ya ce yana da taro a Legas. Ni na zauna har sadakar bakwai, ni ake yi wa gaisuwa.

Daga nan ban ƙara kai wa kowa dami ba, don babu wanda zan kai wa. Dattawan nan biyu da suka shaida aro su ma ƙasa ta rufe su. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: na fara cewa gonata. Babban ɗana Naziru a cikinta ya koyi huɗa, a cikinta ya yi gemu, da geronta aka yi masa aure. Gonar gadona ba ta kai rabinta ba, ita kaɗai ba za ta ciyar da mu wata biyar ba. Niyyata in na gaza Naziru ya riƙe ta. Abu ɗaya ne na kasa. Sau biyu Naziru yana kawo dashen mangwaro, sau biyu ina cewa a'a. Ya ce, "Baba, kowa ya dasa sai mu?" Na daka masa tsawa. Ɗorawar nan ma iska ta kayar da ita tuntuni, gonar ta zauna fili, ba inuwa ko ta tsuntsu.

Sai kamfanin Uwaisu ya durƙushe. Aka karɓe gida, aka karɓe mota. Ashe duk shekarun nan ko bulo ɗaya bai aza a ko'ina ba. Hajiya Ramlat ta rasu, Jamil ya haye ƙasar waje, Tahira tana aure a Fatakwal. Ya yi ta zaman haya yana sauya unguwa, kowace ta fi ta baya matsi. Bara waccan, da tsakiyar damina, sai ga shi ya sauka daga bas da jaka biyu da farin gashi, ya sa aka lafta wa ɗakin uwarsa ƙasa ya shiga.

Da a ce ya zo zaurena ya yi sallama ya ce, "Iliyasu, duniya ta juya mini baya," wallahi ban san abin da zan yi ba, amma da mun yi magana. Ina! Takarda ya rubuta. Da Turanci, da na'ura, da sa hannu, ya kai wa dagaci, wai yana neman a ƙwato masa gonar mahaifinsa daga hannun wanda ya mamaye. Ni ne mai mamaya. Darni ɗaya tsakaninmu, yana jin tarina ina jin nasa, amma sai da takarda.

Ranar da za mu gaban dagaci Naziru ya tare ni a ƙofar gida. Ya ce, "Baba, don girman Allah yau ɗaya ka riƙe zuciyarka. Ba shi da shaida ko ɗaya. Kowa ya san ya mayar da dami. Kai dai ka yi shiru, ko zaginka ya yi kada ka tanka." Na ce na ji. Na yi masa alkawari har sau biyu.

Haka kuwa aka yi. Dagaci ya tambayi Uwaisu shaidunsa, ya ce sun rasu. Aka kira Hashimu, maƙwabcina a gona, ɗaya daga cikin ukun nan da suka je suna, ya maimaita maganar kaji kalma bayan kalma. Jama'a suka yi tsaki. Dagaci ya juyo gare ni, na ce, "Ranka ya daɗe, abin da Hashimu ya faɗa haka aka yi." Ban yi ƙarya ba, ban kuma ambaci Inna Hure ba. Sai dagaci ya ce, "To Malam Uwaisu, abu ɗaya ya rage. Mu je ka nuna mana gonar da iyakokinta. Mai abu ai ya san abinsa."

Muka ɗunguma, mu kusan talatin, shi a gaba da takalminsa sau-ciki yana tsallake laka. Gero ya fi mutum tsayi. Yana tafe yana ɗaga kai, na san ɗorawa yake nema. Muka iso gonar, geronta baƙi-ƙirin don ƙoshi, zangarniya kamar damtse. Ya wuce ta! Wallahi ya wuce ta, har ganyenta yana shafar rigarsa. Naziru ya matse mini hannu. Gonar ta zama tamu, saura in haɗiye yawu kawai.

Can gaba kaɗan akwai wani ɗan tsiri na marayun ƙanen Hashimu, ba mai kula da shi, rairayi fari, wuta-wuta ta yi ja, geron ciki ko ƙugu bai kai ba. Nan Uwaisu ya ci birki. Ya riƙe ƙugu, irin riƙon nan na gonar makaranta, ya ce, "Ga ta. Na gane ta sarai." Wasu suka fara ƙunshe dariya. Da nan ya tsaya da shi ke nan. Sai ya juya ga dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ka dubi yadda ya kashe ta. Shekara talatin da uku tana hannunsa, ko buhun taki ɗaya bai iya sa mata ba. Dama tun muna makaranta Iliyasu ba ya jin darasin noma."

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Na ce, "Ni? Ni na kashe gona? Kai, Uwaisu, ka ji tsoron Allah! Makaho kawai, wannan ce gonar ubanka? Zo nan!" Na cafki hannun rigarsa na ja shi baya kamar akuya. Na ce, "Ga gonar Malam Sani nan! Daga tushen gambar can har bakin turba, ga gurbin ɗorawa a tsakiya. Tona ka gani!" Na durƙusa na damƙo ƙasa na tura masa a hanci. "Shinshina! Jaki uku ne a cikin nan! Ka ga bishiya ɗaya da na dasa? Shekara goma sha bakwai ina kai wa uwarka damin da ka ce a ba kaji, kai kana can kana shan lemo!"

Na waiga na ga Naziru ya ɗora hannu biyu a ka.

Dagaci ya ce, "Malam Iliyasu, ka maimaita maganar damin nan." Na maimaita. Me ya rage? Ya ce tunda da bakina na ce ta Malam Sani ce, da bakina na ce dami bai yanke ba sai da tsohuwa ta rasu, to aro yana nan a aronsa. In girbe abin da na shuka, baɗi mai gona ya karɓi gonarsa.

Naziru bai yi mini rashin kunya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya taya ni girbi har dami na ƙarshe, ya share rumbu ya jera. Washegari ya durƙusa ya ce, "Baba, abin da ya rage ba zai ishe mu ba. Zan shiga Kano." Wani abokinsa ya samo masa tuƙin a-daidaita-sahu. Bayan wata huɗu ya zo ya kwashe matarsa da jikokina biyu. Ranar na tsani Uwaisu tsanar da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, na kuma tsani bakina fiye da shi.

Bara Uwaisu ya noma gonar tudu. Ya ɗauki 'yan ƙwadago suka yi masa huɗa, shi kuma ya bi su da fartanya yana haki. Hanyar gonar gadona ta nan ta bi, dole kullum in gani. Kunya a karkace, shuka a cunkushe, ciro bai san lokacinsa ba. Sau nawa ina cije leɓe in wuce. Duk da haka gero ya yi, yo ai ba don shi ya yi ba.

Ranar wata Juma'a da kaka, an sauko daga masallaci ina zaune a ƙofar zaure, sai ga Uwaisu tafe da dami a ka. Ɗaurin banza, zangarniya na zubewa a hanya, wuyansa na rawa. Ya sauke a gabana ya yi sallama. Shekara talatin ina ajiye da maganar kajin nan, ta zo har kan harshena. Sai wata dabara ta faɗo mini: wannan sakaran bai san abin da yake yi ba, ya ɗauka kyauta ya kawo. Na ƙwala wa liman da Hashimu kira, suna wucewa. Na ce, "Ku zo ku shaida, ga Uwaisu ya kawo mini dami daga gonar tudu, ni kuma na karɓa."

Na zuba masa ido in ga ya firgita. Ko gezau. Ya share zufa da hularsa ya ce, "Ai shi ya sa na bari sai da aka sauko daga masallaci. Malam liman, ku shaida da kyau. Iliyasu, ka bar ni in ci daga cikinta iya kwanan da ya rage mini. Jamil ba zai zo ba, Tahira ba za ta zo ba, na kuma gaya musu. Duk kaka zan kawo."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ashe ya sani. Tun ranar suna ya san ma'anar dami, ya mayar mini da shi don abokansa su yi dariya. Sai na ce masa, "Saura ka dasa mini bishiya a ciki." Ya ce to. Na warware damin a gabansa na sake ɗaure shi yadda ake ɗaurewa, na kai rumbu.

Kamaruddeen, kada ka kuskura ka rubuta a littafinku wai mun shirya. Muna gaisawa, shi ke nan. In kuna son jerin muƙamansa da garuruwan da ya je ku tambaye shi, yana da su a takarda.

Da la'asar ɗin ranar na bugo wa Naziru waya. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Na gaya masa duk yadda aka yi, na ce gona ta dawo, da shaidu, in Allah ya kai mu tasa ce, ya fara shirin dawowa gida. Sai ya ce, "Baba, na sa yara a makaranta a nan. Ni yanzu me zan yi da gona?"

Na ce ya gaishe mini da yaran, na kashe wayar.